Mai Naƙuda Ce Za Ta Sa Hannu

Ka zauna a majalisar magidanta a Tirwun da ke Bauchi bayan Isha'i, ka tambaya wa ke da ikon sa hannu kafin a shiga da mai naƙuda ɗakin tiyata. Baki ɗaya za a ce maka maigida. Matan ma haka za su ce, har da wasu ma'aikatan jinya. Ni kuwa na ce wannan ra'ayi yana kashe mata, kuma ba shi da madogara a doka ko a addini.

Ga yadda abin yake faruwa. Mace ta kwana ta wuni a kan gwiwa, ungozoma ta yi iya yinta, an sa ta a keke Napep zuwa asibitin unguwa, can aka ce a wuce babban asibiti. Likita ya duba ya ga kan ɗa ya ƙi sauka, ko mabiyiya ta tare hanya jini yana zuba, ko jijjiga ta kama ta. Ya ce sai aiki. Sai a fara neman maigida. Direba ne yana hanyar Legas, wayarsa ba ta shiga. Ƙaninsa ya ce shi ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Uwar miji ta ce su da suka haihu goma a ɗaki wa ya tsaga su? Ita mai ciwon tana kwance da hankalinta, tana jin kowa, babu wanda ya juyo ya ce, "Baiwar Allah, ke me kika ce?"

Jiki ba ya jiran waya ta shiga. Muddin kan jariri ya daɗe a maƙale, yana matse mafitsara da ƙashin ƙugu har jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓule. Yoyon fitsari ke nan. Ba banza ba Gwamnatin Tarayya ta ajiye cibiya guda a Ningi don ɗinke irin waɗannan mata, kuma da yawansu mijin da aka yi ta jira shi ne ya fara gudunsu. Wata kuma mahaifarta ce ke fashewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kimanin 82,000 suka rasu a Nijeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya gaba ɗaya.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce marar lafiya ake yi wa bayanin halin da yake ciki da hanyoyin magani, ta kuma hana a ƙi ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Tun 2001, a shari'ar Dakta Okonkwo, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa baligi mai hankali shi ke zaɓa wa jikinsa. Ba a ware matar aure ba. A addini kuma, tsare rai yana cikin manyan abubuwan da Shari'a ta zo kiyayewa. Matar da Musulunci ya ba ikon sayar da gonarta ba tare da mijinta ya sa baki ba, ta yaya za a ce ba ta isa ta yarda a ceci ranta ba?

Na san abin da za a ce: miji ke biyan kuɗi, shi ke nemo masu ba da jini, kuma likita yana tsoron mijin da zai zo gobe da rigima. Duk gaskiya ne. Amma alkawarin biyan kuɗi daban, yardar a taɓa jiki daban, mu ne muka cakuɗa su a takarda ɗaya. Hujjar kuɗin ma ta ragu tun Nuwamban 2024, lokacin da Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Tsoron likita kuwa aikin hukuma ne ta cire masa shi.

A yi shawara da miji in yana kusa, wannan mutunci ne, kuma yawancin maza da gudu suke sa hannu. Wanda zai yi tafiya ya gaya wa matarsa da danginsa tun ana zuwa awo cewa in ta kama a yi aiki, a yi. Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Bauchi kuma ta aika wa kowane asibiti umarni a rubuce: a karanta wa mai naƙuda takardar da Hausa, ta sa hannu ko ta dangwala yatsa, a shiga da ita. Idan ta suma, likitoci su rubuta dalili su yi aikinsu, hukuma ta tsaya musu.