Ka sayi gona, ba ka sayi hanya ba

Jama'a, akwai wani mugun hali da ke yaɗuwa cikin garuruwanmu. Mutum ya sayi gona, tun bai kai taki ba sai ya jawo ƙaya ya toshe hanyar da maƙwabcinsa ke bi.

Na gani da idona a wani ƙauye na ƙasar Tasawa. Wa da ƙane sunka gaji gona guda, sunka raba. Ta wan tana bakin hanya, ta ƙanen tana baya. Shekara da shekaru amalanken ƙanen na ratsa gefen gonar wansa, ba wanda ya ce uffan. Da wan ya rasu, ɗiyansa sunka sayar ma wani ɗan kasuwa. Damanar fari ya shuke hanyar, ya yi shinge. Da kaka ta yi, tsohon nan da jikokinsa a kai sunka riƙa ɗauko dammunan gero, suna zagaye mai nisa, ga amalanke a gida, ga sa a turke.

Mai saye ya ce: "Ai na biya kuɗina." Gaskiya ne, ya biya. Amma mi ya saya? Abin da wan ya bari, shi ɗiyansa sunka gada, shi sunka sayar. Gonar kuwa da hanyar a jikinta take. Ranar ciniki sawun amalanke bai ɓoye ma kowa ba.

Ban ce ba a tada hanya ba har abada. Hanya na cin ƙasa, bisashe na taɓa shuka, wannan kuka ne na gaskiya. In kana so ta tashi, ka kira maƙwabcinka gaban maigari da shaidu. A nuna masa wata wadda amalanke zai iya bi. In ya yarda, a rubuta. Ƙaya cikin dare kuwa fin ƙarfi ne kawai.

Hukuma ba ta bar mu cikin duhu ba. Ranar 2 ga Maris 1993 anka yi dokar karkara mai lamba 93-015. Ita ta kawo kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo. Na gari shi ne Kofob, maigari ke shugabantarsa, can ake yin takardar saye da ta kyauta. Dokar ta ce rikicin gona sai ya bi ta hannun sarakuna su gwada sulhu kafin ya kai ga alƙali.

To, ku da kunka koyi karatu, ga aikinku. Ranar da za a sayar da gona a garinku, ku karanta takardar da ƙarfi kafin kowa ya dangwala yatsa. In ba a ambaci hanya ba, ku ce a ƙara: daga ina ta taso, ina ta tsaya, faɗinta ƙafa nawa, su wa ke binta. A kira mai gonar baya shi ma ya ji da kunnensa.