Zafin Bazara, Mai Kisa Ba A Kira Sunansa

A kwanaki huɗu na farkon Afrilun 2024, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu, alhali a duk watan Afrilun 2023 gawa 130 aka ƙirga a can. A makon ne ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes, ana cikin azumi, wuta kuma tana ɗaukewa. Bayan wata biyu, alhazai fiye da 1,300 suka rasu a aikin Hajji cikin zafin da ya haura digiri 51. Tambayar da ta kamata mu yi a nan Kaduna ita ce: mu nawa bazara take ci mana? Amsar tana ɓoye ne saboda zafi ba ya kisa da sunansa.

Jikin ɗan Adam yana son zama a wajen digiri 37. Da zafi ya tsananta, sai jini ya ƙaru zuwa fata, gumi ya zubo, zuciya ta ninka aiki. Matashi lafiyayye zai jure. Amma dattijon da ke fama da hawan jini ko ciwon sukari, musamman mai shan maganin da ke sa yawan fitsari, ruwan jikinsa yana ƙarewa, jininsa ya yi kauri, ƙoda ta galabaita. Ranar da ya faɗi, iyali za su ce hawan jininsa ne ya tashi, ko shanyewar ɓarin jiki ce, a yi masa sutura kafin la'asar. Mafi yawan mace-macenmu ba sa shiga rajistar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, balle a rubuta abin da ya ingiza cutar. Shi ya sa masana ba sa tambayar wa rana ta kashe; adadin mamatan makon zafi suke gwadawa da na sauran lokuta. Da wannan lissafi aka gano cewa zafin 2003 ya kashe mutum fiye da 70,000 a Turai.

Wani zai ce ai Kaduna ba Sakkwato ba ce, ba Maiduguri ba ce, kuma mu da zafi mun saba tun kaka da kakanni. Gaskiya ne namu bai kai nasu ba. Sai dai a ƙarshen bazara, lokacin da hadari ke haɗuwa ya watse, iskar Kaduna tana ɗaukar laima, gumi ya ƙi bushewa, kuma gumin da bai bushe ba bai sanyaya kowa ba. Sabon da muke taƙama da shi ma a wani irin gida aka yi shi: katangar ƙasa mai kauri, soro, tsakar gida mai bishiya inda ake shimfiɗa tabarma a kwana. Yau a Tudun Wada, Rigasa, Badarawa da Unguwar Shanu, bulo ne da rufin kwano, ɗaki ciki da falo, taga ɗaya, an cinye tsakar gida da ɗakunan haya. Bulon yana shan rana wuni guda, ya amayar da ita da dare, ga tsoron ɓarayi da sauro ya hana kwanan waje, fanka kuma sai da wuta. Daren nan shi ne babban haɗarin, domin zuciyar da ta wahala da rana ba ta samun hutu. Duk wanda ya fito daga inuwar manyan itatuwan Unguwar Rimi ya shiga lungunan Kawo da tsakar rana ya san zafin garin nan ba a raba shi daidai ba. Ɗan dako a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, da birkila, da ɗan ga-ruwa, da mai jego a ɗakin kwano, su ke ɗaukar kaso mafi tsoka.

Akwai kuma masu cewa ajali ne, in ya zo babu makawa. Babu musulmin da zai musa wannan. Amma addinin da ya koya mana ajali shi ne ya zo da umarnin a jinkirta sallar azahar idan zafi ya tsananta har rana ta yi sanyi, ya kuma sauƙaƙa wa marar lafiya ya sha azumi ya rama. Idan an sassauta ibada saboda zafi, ban ga hujjar ɗan kwangilar da zai tsayar da leburori suna kwaɓa siminti ƙarfe biyu na rana ba.

Hujja mafi nauyi ita ce ta kuɗi: ina talaka zai sami na'urar sanyaya ɗaki? Birnin Ahmedabad na Indiya ya amsa wannan. Bayan zafin 2010 ya kashe musu mutum fiye da 1,300, sai suka fito da tsari a 2013: gargaɗi tun kafin zafin ya iso, horar da ma'aikatan asibiti, ajiye ruwan sha a wuraren taruwar jama'a, daga baya kuma shafa wa rufin gidaje farin fenti. Mu ma hukumar NiMet tana fitar da gargaɗin zafi. Abin da ya rage shi ne gargaɗin ya zama aiki. Ranar da aka yi gargaɗin, makarantu su tashi da wuri, a sauya lokacin aikin gini, masallatai da coci-coci su buɗe inuwarsu su ajiye randuna, limamai da masu unguwanni su sa a leƙa tsofaffin da ke zaune su kaɗai. Wanda kuma aka ga jikinsa ya yi zafi rau yana sambatu, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya asibiti. Ba zazzaɓin da za a jira ya sauka ba ne.

Matakin farko kuwa bai fi ƙarfin ma'aikatar lafiya ta jiha ba. Asibitin Barau Dikko, da na Yusuf Dantsoho, da na Kawo, da masu kula da maƙabartu, su riƙa miƙa adadin mamata mako-mako daga Fabrairu zuwa Mayu, a ajiye shi gefe da ma'aunin zafin kowace rana da kowane dare.