JAMI'A TA WA CE?

'Yan'uwa na kwamitoci, maza da mata, na Maraɗi da Damagaram, na Tawa da Tasawa, na Ƙonni da Madawa,

Ni malamin jami'a ne. Na san wani zai ce mi ya haɗa mai sayar da albasa a Galmi da rigimar malamai a Yamai? To, ku saurara. Kuɗin da ake gina aji da su, kuɗin da ake biyana albashi da su, daga harajinku sunka fito, da duwan da kuke biya a bakin iyaka. Ɗiyan da ke cikin ajin kuma naku ne. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Lokacin da munka samu mulkin kai a 1960 ba mu da jami'a ko guda. Yaron da ya yi ƙwazo sai Dakar, ko Abijan, ko Faransa. A 1971 anka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, a 1973 ta zama jami'a. A 1992 anka raɗa mata sunan Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, masanin hasken rana, wanda ya shugabance ta, wanda kuma tun 1964 ya wallafa littafi bisa tarbiyya a Afirka yana kare koyarwa da harsunanmu. A 2010 anka kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram. A 2014 anka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Takwas ke nan. Mun gode. Amma haihuwa daban, reno daban.

Ga yadda abin yake tafiya. Jami'ar gwamnati ba ta da gona, ba ta da kanti. Abin da ɗalibi ke biya na rajista bai taka kara ya karya ba. Kusan komi daga baitulmali yake zuwa. In kuɗi sunka makara, bursin ɗalibai ya makara, gidan abinci ya rufe, ɗalibai su fita titi. Su koma, malamai su ajiye alli saboda nasu bashin. Shekara ta hau bisa shekara. Da idona na ga karatun shekara 3 ya ci wa yaro 5, uwa tana sayar da akuya tana aika mishi, tana tambaya yaushe za ya gama.

Rashin kuɗin nan ya taɓa cin jini. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai sunka taso bisa gadar Kennedy don ƙin tsarin tsuke bakin aljihu da masu ba da bashi na waje sunka kawo. Anka buɗe musu wuta, 3 sunka rasu. Jinin nan na cikin abin da ya haifi Babban Taron Ƙasa na 1991, wanda malamin jami'a, Andire Salifu, ya shugabanta. Bayan taron, cikin shekarun 1990, malamai sunka samu ikon zaɓen shugaban jami'a da ƙuri'a. A 2019 anka yi doka ta karɓe ikon nan, ta ba majalisar ministoci naɗin shugabanni, duk da yajin aikin da ƙungiyar malamai SNECS ta yi ta yi.

Hujjar masu naɗi ita ce: gwamnati ke biya, ita ya kamata ta zaɓa; kuma shugaban da malamai sunka zaɓa ba ya iya tsawata musu. Kashi na biyu akwai gaskiya ciki, ba ni ɓoye ta. Cikinmu akwai mai barin ajinshi ya tafi neman na cefane a makarantun kuɗi. Akwai mai riƙe takardun jarrabawa wata da watanni. Akwai mai ba da ƙuri'a don abota ko don 'yan garinsu. Wannan abin kunya ne, namu ne.

Amma kashi na farko ba mu yarda ba. Minista ba shi ke biya ba. Mai ajiya ne, ba mai dukiya ba. Kuma ku duba: shugaban da anka naɗa da takarda, da takarda ake tuɓe shi. Ranar da kuɗin jami'a sunka makara, za ya iya buga tebur gaban wanda ya naɗa shi? Bakin da ya ci shi ke godiya. Wanda anka zaɓa yana tsoron malamai, wanda anka naɗa yana tsoron kujerarshi. Maganin tsoron farko ba shi ne a musanya shi da na biyu ba. Magani shi ne kowane shugaba ya ji tsoron masu dukiya, wato ku.

Don haka ga abin da nike roƙon kwamitoci su riƙe, ko wa ke bisa mulki:

1. Shugaban jami'a ya fito daga ƙuri'ar 'yan jami'a, da wa'adi sananne, a kuma iya tuɓe shi in ya ci amana.

2. Kuɗin jami'a da bursin ɗalibai a yanka musu rana, a bayyana ta ga kowa. In ranar ta wuce, a faɗi wanda ya riƙe.

3. Kowace shekara jami'a ta liƙa lissafinta a ƙofa, a karanta shi a rediyo da Hausa da sauran harsunan ƙasa: nawa ya shigo, nawa ya fita, ɗalibai nawa sunka gama bisa lokaci.

4. Cikin majalisar da ke duba jami'a a ba iyaye, manoma da 'yan kasuwa na jiha kujera, da ikon tambayar malamin da ya bar aji.

Mu malamai ba mu iya neman 'yanci mu ƙi lissafi. Masu mulki kuma ba su iya neman biyayya su ƙi biya.

Ku karanta takardar nan a taron kwamiti ranar kasuwa. Ku nemo ɗalibi guda na garinku, ku tambaye shi yaushe ya shiga, yaushe ya kamata ya fita, yaushe ya ga bursinshi na ƙarshe. Ku rubuta amsar ku aiko. Da ita za mu yi magana.

Wani malamin jami'a