Ƙasusuwan Teku a Ƙasar Sakkwato: Ina Ɗan Illela Zai Gan Su?

Miliyoyin shekaru da suka wuce, teku ce ta lulluɓe ƙasar da Illela da Gwadabawa da Goronyo suke a yau. Shaidar tana cikin duwatsunmu. Daga yankin Goronyo aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa mai kama da ƙadangare, har masana suka raɗa mata suna Goronyosaurus a 1972. Muhimman ƙasusuwan nata kuwa suna Landan da Italiya.

Ɗalibin Illela da ke son ganin irin waɗannan halittu, gidan tarihin Boubou Hama na Yamai ne madogararsa, tafiyar fiye da kilomita 400 daga Birnin Ƙonni, ga iyakar da siyasa ta rufe a 2023. Gidan Tarihin Waziri Junaidu da ke Sakkwato ya yi ƙoƙari wajen adana rubuce-rubuce da kayan Daular Usmaniyya, amma tarihin ƙasa ya girmi na sarauta.

A ganina, bai kamata a jira katafaren gini ba. Ɗaki ɗaya ya isa, a kusa da kasuwar Illela, inda jama'ar ƙasashen biyu ke haɗuwa. Ƙofarsa ta zama shimfiɗe, mai keken guragu ya shiga da kansa. A ajiye kwafin ƙasusuwa da makaho zai shafa da hannunsa. Bayanin kuma ya kasance da Hausa, a boko da ajami, domin almajiri da mai kiwo na iya tsintar waɗannan duwatsu a daji, kuma Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da masana duwatsun da za su rubuta shi.