WA YA BA SU IZININ YI WA MANOMI DARIYA?

A Amurka da Ingila an daɗe ana tafka muhawara a kan waɗanda ake nunawa a fim da talabijin da waɗanda ake ɓoyewa. A 2015 da 2016, 'yan wasa ashirin-ashirin da aka ware don lambar Oscar duk fararen fata ne, sai baƙaƙe suka yi ca. A 2023 kuma Disney ya fitar da wani fim da wata baƙar fata, Halle Bailey, ta jagoranta, wasu fararen suka ce an ɓata musu tatsuniya, suka ɗora laifin a kan "woke", kalmar da a bakin baƙaƙen Amurka asalinta farkawa ce a kan zalunci.

Ta wayar hannu wannan ƙura tana isowa har teburin mai shayi a Dambatta da Bichi, inda matasa kan yi tsaki su ce rigimar Turawa ce. To, amma shin ɗan uwa ya taɓa tsayawa ya dubi yadda ake nuna mahaifinsa a finafinan Hausa?

Duk wanda ya saba kallon finafinan barkwanci ya san siffar "baƙauye": yagaggiyar riga, baki sake, ya shigo birni yana tsoron mota, ɗan damfara ya yi awon gaba da kuɗinsa. Bafulatani ba ya gane komai sai saniya. Bagwari da Bayarabe aikinsu karya Hausa don a ƙyalƙyale. Bamaguje kuwa in an tuna da shi, to da tulun giya ne.

Alhali wane ne wannan mutum da aka mayar wawa? Shi ne manomin Makoɗa da Kunchi da Minjibir wanda ya gaji 'yar gonar da ba a barinta ta huta, yana kai mata taki kowace shekara, yana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a fili guda, ya ciyar da gidansa, ya kai ragowar kasuwar Dawanau. Mai wannan ilimi ne ɗan birnin da bai san iri ba yake yi wa izgili da cikin da hatsinsa ya cika!

Wasu za su ce ai wasa ne, kamar na Fulani da Barebari ko Kanawa da Zage-zagi. Sam ba ɗaya ba ne. A wasan taubasai kowa yana da baki, ka jefa a rama. A fim kuwa kyamara tana hannun ɓangare guda, ɗayan sai dai ya biya kuɗi a gidan kallo ya ga ana muzanta shi. Kuma ba sai an je Amurka an aro hujja ba, domin Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi.

Tun 2001 Kano take da Hukumar Tace Fina-finai, an kuma san ta da yaƙi da rawa da shigar banza. Madalla. To, mutuncin raunanan bayin Allah fa, ba ya cikin tarbiyya? Ba kuma abu ne da ya gagara ba: shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya haɗa ƙabilu da mabiya addinai daban-daban a gari guda, jama'a kuma suka karɓe shi.

Illar ba ƙarama ba ce. Yaron da ya tashi yana ganin fartanya alamar wauta ce, shi ne zai sayar da gonar gado ya tafi birni yawon banza. Don haka wajibi ne matasa 'yan uwa su daina sayen wulaƙancin iyayensu, su ƙaurace wa irin waɗannan finafinai, su yi wa masu gidajen kallo nasiha, masu alƙalami a cikinsu kuma su rubuta labarin karkara yadda yake. Allah Ya farkar da al'umma.