Aikin jami'in walwala a Sabon Garin Wudil ya wuce rabon shinkafa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Wudil ranar Juma'a da la'asar sakaliya ya san yadda garin ke juyewa. An yi wa tireloli lodin shanu sun nufi kudu, dillalai na ƙirga la'adarsu, masu kifi da masu tukwane na tattara kaya, motocin Gaya, Dutse, Azare da Maiduguri na ɗiban fasinja. Kafin isha'i kowa ya kama gabansa. Wani lokaci kuwa akan waiga a ga yaro ɗan shekara bakwai a gefen teburin mai shayi, robar bara a hannu, ya rabu da 'yan uwansa tun hantsi. Aka tambaye shi garinsu, sai ya faɗi sunan malaminsa.

Mai shayi zai yanka masa burodi. Wani dattijo zai ce a kai shi gidan mai unguwa, wani ya ce ofishin 'yan sanda. Duka daidai ne, kuma alheri ne irin wanda aka san mutanenmu da shi. To amma gobe Asabar wa zai zauna da yaron ya lallaɓa shi har ya tuna sunan kasuwar da ke kusa da ƙauyensu? Wa zai buga waya, ya hau mota da shi, ya tabbatar wanda ya zo karɓarsa ubansa ne na haƙiƙa, ya sa shi ya rattaba hannu a gaban shaidu? Akwai ma'aikacin da gwamnati ta ɗauka domin wannan, shi ne jami'in walwalar jama'a. Abin da ya dami wannan jarida shi ne, da yawa daga cikin waɗanda aka ɗauke shi dominsu ba su ma san da shi ba.

Sabon Gari ɗaya ce daga mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Wudil, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 185,189, kuma kowa ya san adadin ya haura haka nesa. Wudil mashiga ce. Hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa ta, ga babbar kasuwar shanu, ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, ga Makarantar Horar da 'Yan Sanda. Wuri irin wannan yana tara baƙi: leburori, direbobi, ɗalibai, almajirai, matan da aure ya kawo su daga nesa. A ƙauye, idan miji ya daina ciyar da gida, kafin kwana uku kawun matar ya ji, kafin mako dagaci ya kira zama. Matar da ke ɗakin haya a Sabon Gari, danginta na Potiskum ko Haɗejiya, ba ta da wannan gatan. Inda zumunci ya yi nisa, nan hukuma ta fi cancantar ta matso kusa.

Mutane da dama sun ɗauka aikin jami'in walwala rubuta sunaye ne idan tallafi ya zo, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rabon shinkafa ya zama ruwan dare. Tantance mabuƙata na cikin aikinsa, babu musu, kuma idan kogi ya tumbatsa da damina ya ci gidaje yana cikin waɗanda ya kamata a fara gani a wurin. Sai dai wannan reshe ne. Gindin aikin shi ne sauraro, rubutawa, zuwa gida a gani da ido, haɗa mutum da inda za a share masa hawaye, sannan a koma a duba.

Komawar nan ce muke so a fi kula da ita, domin a nan ake yawan faɗuwa. A ɗauki misalin matar da aka saka da 'ya'ya uku. Ta kai kuka, an kira tsohon mijin, ya zo da yayansa, an yi nasiha, an tunatar da shi abin da malamanmu na Malikiyya suka tabbatar, cewa riƙon yara ƙanana na uwa ne, ciyarwa da tufatarwa kuwa na kan uba. Ya amsa zai riƙa ba da kaza duk wata, an rubuta, an yi fatiha, an watse. Wata na farko ya kawo. Na biyu ya kawo rabi. Na uku ya kashe waya. Ita kuma kunya da kuɗin babur sun hana ta dawowa, sai ta ɗora wa babbar 'yar, mai shekara tara, farantin talla ta tura ta tasha. A takarda an yi sulhu. A gidan kuwa yarinya ta bar makaranta. Jami'in da ya san aikinsa yana da littafi, kuma a littafin akwai ranar da zai sake yin sallama a ƙofar gidan nan ko ba a kira shi ba. Zai ce, “Baiwar Allah, yaya aka yi da maganarmu?” Idan alkawari ya karye, shi zai nuna mata hanyar kotun shari'a, ya tafi da kwafin yarjejeniyar. Zuwa da kai ya fi saƙo, kuma ziyara ɗaya a kan lokaci na iya mayar da yarinyar aji.

Wajibi ne kuma ya san iyakarsa. Shi ba alƙali ba ne, ba ya yanke hukunci, ba ya tsare kowa. Akwai kuma lamarin da haramun ne ya yi masa sulhu. Idan aka keta haddin yarinya, za a zo masa da manyan riguna ana cewa a rufa asiri, a ba iyaye wani abu, maganar ta mutu a zaure. Amsarsa ɗaya ce: asibiti tukuna, cikin awa 72 da likitoci suka ce maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki ke aiki, sannan 'yan sanda. Ga Babban Asibitin Wudil a kusa, ga Cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano wadda aka keɓe domin irin waɗannan yara da mata. Asirin da ya wajaba ya rufa na yarinyar ne. Kada sunanta ya fita daga bakinsa a majalisa, kada hotonta ya shiga WhatsApp, kada matarsa ma ta ji. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma wanda ba ya iya riƙe magana ya nemi wani aikin.

Haka nan yaron da aka kama da sata a kasuwa. Bai dace ya kwana ɗaki ɗaya da manyan masu laifi ba. Jami'in walwala ne zai binciko halin gidansu, ya rubuta wa kotu rahoto, ya ba da shawara ko a damƙa shi ga iyaye bisa sharaɗi ko a kai shi gidan ajiyar yara na Goron Dutse. Jaririn da aka tsinta kuwa ba kyauta ba ne da za a miƙa wa duk mai sha'awa. Hanyarsa ita ce asibiti, rahoton 'yan sanda, sannan gidan marayu na Nassarawa a ƙarƙashin ma'aikatar mata ta jiha. Wanda ke ganin wannan yawan takardu ne ya tuna yaran Kano tara da aka gano a Anaca a 2019, an sauya musu suna, har aka yanke wa Paul Owne, ɗaya daga cikin waɗanda suka sace su, ɗaurin shekara 104 a 2021. Yaron da babu rubutu a kansa shi ya fi sauƙin ɓata.

Dokoki kam akwai. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tun 2003 take, Kano ta sanya wa tata hannu a watan Mayun 2023. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta samu sa hannu a 2019, a 2022 kuma aka yi dokar kafa majalisar da za ta tsara wannan sana'a a Najeriya. Amma doka ba ta hawa babur ta je mazaɓar Utai ko ta Darki. Mutum ne ke zuwa.

Wani zai ce ga Hisba, ga masu unguwanni, ga limamai, ga Hukumar Zakka da Hubusi, me ake nema kuma? Muna jinjina musu, kuma Hisba ta kashe gobarar aure da ba ta ƙirguwa tun da aka kafa hukumar a 2003. Sai dai kowannensu gefe ɗaya yake riƙe. Liman zai yi nasiha, likita zai ba da magani, alƙali zai yanke hukunci, mai zakka zai ba da hatsi. Ana buƙatar mutum ɗaya da ya san labarin gidan daga farko har ƙarshe, wanda zai lura cewa dattijuwar da aka sallama daga asibiti ba ta da mai dafa mata abinci, ko saurayin da aka dawo da shi daga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ya daina shan magani saboda babu kuɗin mota zuwa karɓowa. Jami'in walwala ba kishiyar waɗannan ba ne, shi ne zaren da ke haɗa su.

A ƙananan hukumomi da dama na ƙasar nan wannan ofishi shi ne ɗan bora. Tebur ɗaya a ɗakin da mutum huɗu ke zaune, mace ta zo da maganar da ko mahaifiyarta ba ta faɗa wa ba, ga masinja na sauraro. Babu abin hawa, babu kuɗin mai, har jami'i kan ciro daga aljihunsa ya sayi abincin yaron da aka kawo masa. Akwai masu yin haka shekara da shekaru ba wanda ya ce musu sannu, kuma muna miƙa musu gaisuwa. Akwai kuma waɗanda siyasa ta jefa su kujerar ba horo ba tausayi, masu cusa sunayen 'yan uwa a jerin tallafi, masu kallon mai ƙorafi kamar ya zo roƙo. Irin waɗannan su ke kashe wa talaka gwiwar zuwa, kuma bai kamata a bar su a wurin ba.

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, magana ta koma kan shugabanninsu. Abin da muke nema daga majalisar ƙaramar hukumar Wudil ba mai tsada ba ne. A tabbatar akwai ɗaki mai ƙofa inda za a yi magana cikin sirri. A samu jami'a mace mai horo, domin akwai abin da matar aure ba za ta iya faɗa wa namiji ba ko da wuƙa a wuyanta. A ba da babur da kuɗin mai na wata-wata, a rubuce cikin kasafi. A buga lambar wayar ofishin a manna a tasha, a asibiti, a ƙofar kowane mai unguwa da ke Sabon Gari, a kuma sanar a masallatan Juma'a. Shugaban ƙaramar hukuma ya riƙa neman rahoto duk ƙarshen wata, ba tare da sunaye ba: koke nawa aka karɓa, gida nawa aka je, gida nawa aka koma.

Ranar kasuwa kuma a ajiye wa jami'in tebur da benci a kusa da tasha, shugabannin direbobi da sarkin kasuwa su san fuskarsa, ya zauna har motar ƙarshe ta tashi.