Ku karanta jikin moton kafin a je kasuwa

'Yan ajin fasaha, mun san takaicin tsayar da injin sassaƙa ƙarfe don kawai a sauya bel. Na'urar da ake kira VFD tana rage wannan wahala. Wutarmu tana zuwa a 50Hz, moto mai juyi kusan 1,450 a minti kuwa da ita yake tafiya. In na'urar ta mayar da ita 25Hz, gudun ya ragu da rabi.

Sai dai mu fara duba ɗan farantin da ke jikin moton. In na layi ɗaya ne mai kafasita, a haƙura, ba ya jituwa da VFD. Mai layi uku ake so. Ƙaramar VFD da ke shan wutar gida ta 230V, layi uku na 230V take fitarwa, don haka a nemi moton da aka rubuta wa 230/400V, mai gyaran wuta ya haɗa shi ɗaurin delta. Moton 400V zalla zai juya, amma da an kafa masa ƙarfe sai ya sare. Sannan a gwada amfiya: ta na'urar kada ta gaza ta farantin, komai daɗin bakin mai shago.

Bel ɗin ma kada a yar. Fankar moton a jikinsa take, in an rage gudu sosai iskarta ta ragu, ya ɗau zafi har ya ƙone. Aiki mai nauyi, mu koma kan bel mai jinkiri, mu bar moton kusa da 50Hz.